Gajere ya tashi daga jinya, amma ya ƙi komai sai tsire

Assalamu alaikum. Ina da ɗan ƙaramin kare mai gashi, irin wanda ake ce wa Lasa, shekararsa uku. Yara ne suka sa masa Gajere. Shi ne ƙararrawar gidanmu, ko ɓera ne ya gifta ta bayan katanga sai ya sanar. Makonni uku da suka wuce ya kwanta da zazzaɓi da kasala da amai, dasashinsa ya yi fari fat. Likitan dabbobi ya ɗebi jininsa ya ce ciwon kaska ne. Aka yi masa ƙarin ruwa da allurai, aka ba mu ƙwayar doksisaikilin ta kwana 28, aka ce mu guji ba shi maiƙo. Yau kwana 16 da fara maganin. Ya miƙe, har haushi yana yi, amma abinci ya gagara. Busasshen abincinsa na buhu da yake ci a da, yanzu shinshinawa kawai yake ya juya baya. Ni kuma daka ƙwayar nake in barbaɗa a ciki don ya samu ya sha. Abin da yake karɓa kawai tsire ne, ko soyayyiyar kaza idan na ba shi da hannu, sai shinkafa da miya da yara ke sam masa daga kwanonsu. Daga kilo 6 ya koma kilo 5. Maigidana ya ce sangarta ce, in bar shi da yunwa kwana biyu zai ci ko dusa ce. Maƙwabciyata kuma ta ce in haɗa masa malt da madara da maganin ƙarin jini. Na rasa wanda zan bi.

Maman yara, Barnawa, Kaduna

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ba da lada.

Kada ki bar Gajere da yunwa a halin da yake ciki. Kada ki haɗa masa malt da madara. Tsiren nan kuma, da shinkafa da miyar da yara ke sam masa, su tsaya daga yau. Na san na toshe miki duk ƙofofin da kike gani, amma ki biyo ni, akwai wata.

Maigidanki bai yi ƙarya ba. Karnuka suna sangarcewa, ƙananan nan masu gashi ma sun fi kowa iya ta, kuma lafiyayyen kare da ya saba a lallashe shi yakan sauko da kansa idan aka daina. Sai dai maganar tasa maganar lafiyayyen kare ce, shi kuwa Gajere bai kai can ba tukuna. Kilo ɗaya cikin shida ya zube. A lissafi, daidai yake da mutum mai kilo 60 ya rasa kilo 10 cikin makonni uku. Ƙaramin kare ba shi da ajiya mai yawa a jiki, kuma jinin da ciwon ya cinye, da abinci ne jiki zai sake gina shi. Horo da yunwa yana da ranarsa, zan zo kanta.

Abu na farko, gobe idan kin ajiye kwano, ki koma gefe ki zuba masa ido. Karen da zuciyarsa ke tashi yakan zo wurin kwanon da alamar yana so, ya shinshina, ya lashe leɓe, ya haɗiyi yawu, wani lokaci yawun ya dalalo, sannan ya kawar da kai ya tafi. Yakan nemi ciyawa ya ci. Ko abin da yake so aka ba shi, loma biyu uku ya tsaya. Mai tsirfa kuwa ko kallon kwanon ba ya yi, ke yake kallo. Yana nan da kuzarinsa, yana bin ki har ƙofar kicin, kuma da ya ji ƙamshin nama zai lamushe ya nemi ƙari. Daga wasiƙarki, ina ganin Gajere ya haɗa biyun: tashin zuciya ne ya fara, tsirfa ta biyo baya da kuka shiga lallashi. Idan aka ce za a fara da gyara tsirfar, an bar jaki ana dukan taiki.

Jakin a nan shi ne maganin da yadda ake ba shi. Doksisaikilin magani ne mai kyau, shi ne ma ainihin maganin wannan ciwo, amma an san shi da tayar da zuciya da sa amai, musamman a kan cikin da babu komai. Ga ɗaci. Ke kuma don tausayi kina daka shi kina barbaɗawa a abincin. To ki duba abin ta wajen karen: ya ci wannan abinci a kwanakin da ciwo ya fara kama shi, ya yi amai. Ya dawo gida, abincin ya koma ɗaci, kuma duk lokacin da ya ɗanɗana, bayan ɗan lokaci cikinsa ya juya. Kin san yadda mutum kan tsani kunun da ya sha a ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, ya yi watanni ko warinsa ba ya so, alhali kunun bai yi laifin komai ba. Haka jikin kare yake koyo, kuma da hanci yake rayuwa, ba abin da za ki ɓoye masa a kwano.

Saboda haka ki raba magani da kwanon abinci, rabuwa ta har abada. Ki fara ba shi ɗan abinci ya shiga ciki tukuna. Sannan ki mulmula 'yan ƙananan curi uku na dafaffen dankalin Hausa ko tsokar kaza, ki tura ƙwayar yadda take cikin na tsakiya. Ki ba shi na farko babu komai, ki bi da mai maganin, ki nuna masa na uku tun bai gama haɗiye na biyu ba. Kwaɗayin na ukun ne zai sa ya haɗiye ba tare da bincike ba. Idan ya gane dabarar, ki buɗe bakin ki ajiye ƙwayar can bayan harshe, ki rufe, ki shafa maƙogwaro. Ko ta wace hanya, ki bi da ruwa ko wata loma, don wannan ƙwaya idan ta maƙale a hanya takan ƙona maƙogwaro, kuma karen da haɗiya ke yi wa zafi ba zai ci ba.

A nan ne shawarar maƙwabciyarki ta faɗi, duk da na san da zuciya ɗaya ta ba ki. Sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin ƙarin jini, da alli na cikin madara, suna kama doksisaikilin a cikin hanji su rage yawan wanda zai shiga jini. Kina ba da magani, kina kuma rage masa ƙarfi da hannunki. Ban da haka, karnuka da yawa idan sun girma ba sa narkar da madara da kyau, zawo take sa su. Malt kuwa sukari ne da ruwa, ba ya gina jini. Idan likita da kansa ya ga ana bukatar maganin ƙarin jini, zai rubuta wanda ya dace da nauyin kilo 5, kuma zai ce a sa tazarar sa'o'i tsakaninsa da ƙwayar.

Kada kuma ki ce tunda ƙwayar ce ke hana shi ci, bari a dakatar da ita. Ƙwayar cutar da aka fi ba wa wannan magani na kwana 28 dominta, Erlikiya, tana da wayo. Bayan zazzaɓin farko takan lafa, ta ɓuya a saifa, kare ya yi kamar ya warke na watanni, wani lokaci shekaru. Idan ta dawo a mataki na ƙarshe, ɓargo take taɓawa, wurin da ake ƙera jinin kansa, kuma a nan magani yakan yi wuya ƙwarai. Kwana 12 da suka rage miki su ne ke tsakanin Gajere da wannan. Ki cika su.

Yanzu tsire. Matsalarsa ba ta tsaya ga koya wa kare kwaɗayi ba. Ana shafa masa mai, ana barbaɗa masa yaji mai ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri da dunƙule, sau da yawa har da tafarnuwa, sannan a naɗe shi da yankakkiyar albasa. Miyar da yara ke sam masa ma da albasa aka soya ta. Albasa da tafarnuwa suna ɗauke da sinadarin da ke lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, su farfashe. Dahuwa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi, busarwa ma ba ta kashe shi. Ga kare mai kilo 5, albasa giram 25 a zama ɗaya, wato kusan kwatan matsakaiciyar albasa, ta isa a fara damuwa, kuma kaɗan-kaɗan kullum ma taruwa take. Illar ba ta nuna kanta a ranar, sai bayan kwanaki. Karen da dasashinsa ya yi fari makonni uku da suka wuce, ana kuma ciyar da shi abin da ke fasa jini, wannan ne ya fi tayar min da hankali a duk wasiƙarki.

Shi kuma maiƙon da likita ya hana, ba don ƙiba ya hana ba. Akwai wata gaɓa kusa da ciki, fankiriyas, mai fitar da ruwan narkar da abinci. Kitse mai yawa lokaci ɗaya yakan kumbura ta, kare ya shiga amai da ciwon ciki mai tsanani, har ya kai ga kwanciya asibiti, kuma ƙananan karnuka sun fi faɗawa. Fatar soyayyiyar kaza, kitsen rago, soyen naman Sallah, ragowar man miya, duk suna cikin wannan. Ƙashin kaza da aka dafa ko aka soya kuwa tsagewa yake ya yi tsini, ya soki hanji ko ya toshe shi. Tunda muna kan abin da ba a ba kare, ki gaya wa mutanen gida su kula da goro, da shayi, da cakulan da duk abin sha mai koko, da inabi da zabibi. Maganin ciwon jiki na mutane, irin su farasitamol da ibufurofen, kada wanda ya ba shi don ya gan shi a kwance.

Kafin ki dafa komai, ki koma wurin likitan cikin wannan makon, kada ki jira ƙarshen magani. Ki gaya masa kai tsaye cewa kare ba ya ci, ya rasa kilo ɗaya, kuma ya ci albasa a tsire da miya. Kada kunya ta sa ki ɓoye wannan, shi ne zai sa ya san abin da zai duba. Ki roƙa a sake awon PCV, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin da ke cikin jini, a kwatanta da na farko. Na lafiyayyen kare yana tsakanin kashi 37 zuwa 55 cikin ɗari, kuma abin da kike son gani shi ne yana hawa. Ki tambaye shi maganin tashin zuciya, akwai irin su Cerenia da aka yi domin karnuka, akwai kuma na buɗe ciki idan ya ga da bukata. Ki tambaya ko za a iya raba ƙwayar gida biyu, safe da yamma, don wasu karnukan sun fi jure ta haka. Sannan ya buɗe bakin ya duba haƙora. Lasa gajeren baki gare shi, haƙoran a cunkushe suke, kuma karen da ke karɓar nama mai laushi yana ƙin mai tauri, wani lokaci haƙori ne ke damunsa ba wani abu ba. Idan aka bukaci gwajin da babu a kusa da ku, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba nisa daga Kaduna.

Ga abin da za ki dafa. Ƙirjin kaza, a cire fata da kitse da ƙashi, a tafasa da ruwa zalla. Babu gishiri, babu dunƙule, babu albasa, babu komai. Ki bar romon ya huce ki kwashe man da ya taso sama, ki ajiye romon, zai yi miki aiki. Farar shinkafa ki dafa ta ta yi luguf, fiye da yadda za ki dafa wa mutane. Ki zare naman sili-sili ƙanana ki cuɗa shi cikin shinkafar sosai, don idan kika bar shi gutsi-gutsi tsince naman zai yi ya bar miki shinkafa. Kashi biyu shinkafa, kashi ɗaya kaza.

Yawan kuma da lissafi. Karen da ya kamata ya kai kilo 6 yana bukatar kalori kusan 270 a rana ko da kwance ya wuni, kusan 400 kuma idan yana kai da kawo a tsakar gida. Dafaffiyar shinkafa giram 200 da dafaffen ƙirjin kaza giram 100 sun ba ki sama da 400 kaɗan. Idan babu sikeli, shinkafar ta kai kusan cikin ƙaramin gwangwanin madara biyu. Wannan na yini guda ne, ba na zama ɗaya ba. Ki raba shi gida huɗu. Kuma kada ki fara da duka: ranar farko rabin wannan ya isa, ki riƙa ƙarawa har ki kai cikakke a rana ta uku. Cikin da ya daɗe bai cika ba, idan aka ɗura masa lokaci ɗaya mayarwa yake, kuma amai ɗaya zai iya sa ya tsani wannan abincin ma. Idan kaza ta yi tsada ko ya ƙi ta, dafaffen ƙwai ko dafaffen kifi marar maiƙo da aka tsince ƙayarsa tsaf za su tsaya a madadinta. Cokali ɗaya na dafaffiyar kabewa yana taimaka wa bayan gida ya daidaita. Akwai kuma abincin gwangwani na masu jinya da kamfanonin Royal Canin da Hill's ke yi, ana samu a wasu asibitocin dabbobi na manyan birane. Yana da kyau, yana da tsada, kuma ba dole ba ne sai likita ya ce.

Yadda ake ajiye abincin ya kusa kai abincin muhimmanci. Ki ɗumama shi ya yi ɗumin jiki, ki gwada a bayan hannunki, ki zuba cokali biyu na romon. Ɗumi ne ke tayar da ƙamshi, ƙamshi kuma shi ke kiran kare. Ki canza kwano, ki ɗauko faranti marar zurfi wanda bai taɓa ganin magani ba, ki canza ma wurin da kike ajiyewa. Wuri mai inuwa da shiru, ba inda yara biyar za su kewaye shi suna "ci mana, Gajere" ba. Da sassafe da bayan la'asar, lokacin da gari ya yi sanyi, ya fi ci. Ki sa kaɗan a farantin, abinci tuli yana kashe wa marar lafiya gwiwa. Idan sai da hannu zai fara, ba laifi a kwanakin nan: loma ɗaya daga hannu, ta biyu hannun yana kusa da faranti, ta uku a cikin farantin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗura. Kada a danne shi a tura masa abinci da cokali ko sirinji. Yana iya shaƙewa abincin ya bi hanyar huhu, kuma yana ƙara masa tsanar abincin da ma wurin. Bayan minti 20 ki ɗauke abin da ya rage ki zubar. Da zafin garinmu da ƙuda, jiƙaƙƙen abinci ba ya jira, kuma idan wuta ba ta tsayawa a unguwarku, ki dafa na yini ɗaya kawai.

Ruwa kada ya yanke a gabansa. Kare mai kilo 5 yana bukatar kusan mililita 250 zuwa 300 a rana, wato rabin ledar ruwa ko sama da haka kaɗan. Idan ba ya sha, ki ɗiga masa romo a ciki.

Jinin da maƙwabciyarki ke so a ƙara masa, kaza da ƙwai ne za su gina shi, tare da kashe cutar da ke cinye shi. Idan cikinsa ya zauna kwana uku babu amai babu zawo, ki iya ƙara 'yar dafaffiyar hanta, gutsure kamar kan babban yatsa, sau biyu ko uku a mako, ba a lokaci ɗaya da ƙwayar ba. Kada ki wuce haka. Hanta tana da ƙarfi, da yawa tana sa zawo, kuma kare yana saurin kamuwa da sonta ya ƙi komai sai ita, kin ga an gudu ba a tsira ba.

Shinkafa da kaza abincin jinya ne. Ba su da allin da ƙashi ke bukata, ba su da wasu sinadaran da dama, don haka mako ɗaya zuwa biyu ne iyakarsu. Daga nan sai a koma cikakken abinci. Tsohon buhun nan kuwa ki rabu da shi. Ya yi makonni a buɗe, man da ke jikin ƙwayoyin abincin ya fara ɗaci ko da hancinki bai ji ba, kuma idan danshi ya shige shi, fumfunar da ke kama masara da gyaɗa tana fitar da gubar da ke lalata hantar kare. Ki sayi ƙaramin sabon buhu na ƙananan karnuka, a rufe daga kamfani, ba wanda ake aunawa a leda ba. In da hali ki canza ɗanɗano, idan na kaza ne ya tsana ki ɗauki na kifi ko na rago. Ki jiƙa ƙwayoyin sabon abincin da romo mai ɗumi su yi laushi, ki cuɗa su cikin shinkafar. Kwana biyu na farko sabon abincin ya zama kashi ɗaya cikin huɗu, kwana biyu na gaba rabi da rabi, sai kashi uku cikin huɗu, a rana ta bakwai ya koma sabon gaba ɗaya. Idan ya tsaya a wani mataki ko bayan gidansa ya yi ruwa, ki koma matakin baya ki ƙara kwana biyu. Idan kuma kin fi son ki ci gaba da dafa masa da kanki, hakan ma hanya ce, amma likita ya tsara miki abin da za a ƙara don ya cika.

Ranar maigidanki tana zuwa ne bayan an gama ƙwaya, likita ya ce jini ya hau, nauyi ya fara dawowa, amai ya ɗauke. A lokacin, in Gajere ya ci gaba da yanga, sai a bi shawararsa amma da tsari. Abinci sau biyu a rana a lokaci tsayayye. A ajiye, a bar wurin, bayan minti 15 a ɗauke ko ya ci ko bai ci ba, babu komai kuma sai lokaci na gaba, ban da ruwa. Babu lallashi, babu faɗa, babu sauya abinci don ya ƙi. Duk ranar da ya ƙi kwano aka kawo masa abin da ya fi daɗi, an koya masa cewa ƙi yana biya. Yawanci ba a daɗe ba suke saukowa. Amma ko a lokacin, ƙaramin kare kamar wannan idan ya wuce yini guda cur bai sa komai a baki ba, a daina horo a kira likita.

Wannan tsari ba zai yi aiki ba sai gidan duka ya shiga. Mutum ɗaya ya riƙe ciyarwa. Su yara, hana su kawai ba zai yi ba, don tausayi ne ke sa su, kuma tausayin nan abu ne mai kyau da bai kamata a kashe ba. Ki gaya musu gaskiya, cewa albasar miya tana cinye jinin Gajere. Ki ware 'yan sili-silin dafaffiyar kaza daga cikin rabonsa na yini ki ba babban cikinsu ya riƙa ba shi bayan ya gama cin na faranti, ba kafin ba. Lokacin da ake cin abinci a gida kuma a kai shi wani gefen, kada ya zauna yana kallon loma.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Dasashi ya koma fari ko ya yi rawaya. Fitsari ya yi duhu kamar shayi, wanda kan nuna jini na fashewa, ko daga albasa ko daga Babesiya, wata cutar da kaska ɗaya kan kawo tare da ta farko kuma maganinta daban. Haɓo, ko ɗige-ɗigen ja a fatar ciki. Baƙin kashi kamar kwalta. Amai fiye da sau biyu a yini. Ya kwantar da ƙirji ƙasa ya ɗaga baya yana nishi, alamar ciwon ciki. Ko ya yi laushi yana rawar jiki yana tangaɗi. A wannan na ƙarshen ki shafa masa 'yar zuma a dasashi ki kama hanyar asibiti, kada ki zuba masa ruwa a baki.

Ki riƙa auna shi sau ɗaya a mako, rana ɗaya, sikeli ɗaya: ki hau da shi a hannu, ki hau ke kaɗai, ki cire. Ki rubuta, tare da abin da ya ci kowace rana, ki tafi wa likita da takardar. Kilon da ya zube cikin makonni uku zai iya ɗaukar wata ɗaya ko biyu kafin ya dawo, kuma hakan daidai ne.

Sai kaskar da ta jawo duk wannan. Warkewa daga ciwon ba ta hana sake kamuwa, kuma jar kaskar kare ba a jikinsa kawai take ba, a tsagar bango da ƙarƙashin shimfiɗarsa take ɓuya, macen tana zuba ƙwai dubbai. A wanke shimfiɗar da ruwan zafi, a liƙe tsagogin, a yi feshi lokacin da kare ba ya wurin. A jikinsa kuwa, kada a kusanto da fiya-fiya, ko kananzir, ko baƙin mai, ko maganin wankan shanu da aka haɗa da ka. Suna kashe ƙananan karnuka. Ki tambayi likita ƙwayar kaska ta taunawa, irin NexGard ta wata-wata ko Bravecto ta mako 12, wadda ta dace da nauyinsa, da kuma ranar da ya ga jikin Gajere ya yi ƙwarin da za a fara. Kafin ranar, kowace yamma ki bi gashin nan da yatsu, cikin kunne, ƙarƙashin wuya da tsakanin yatsun ƙafa, ki cire duk wadda kika samu daga tushe ki jefa ta a kananzir.